Yadda Ake Ba Kwamfuta Umurni da Rubutu

Muna gaida ɗaliban yaƙi da jahilci, maza da mata, na Birni da Zango da Sabon Gari a Damagaram. Muna gaida na Mirriya, da Magarya, da Matamaye, da Tanut, da Gure, da duk inda muryarmu ta kai.

Darasinmu na yau a kan kwamfuta ne, watau na'ura mai ƙwaƙwalwa. Wani zai ce: "Malam, jiya jiya na iya rubuta sunana, ina ruwana da kwamfuta?" To, saurara ɗan'uwa. Ranar da ka je aika wa ɗanka kuɗi a Yamai ko Agadas, kwamfuta ce ta rubuta sunanka da yawan kuɗin. In ka kira ƴar'uwarka da salula, kwamfuta ce ke haɗa ku. Ma'aikacin gwamnati ma ta cikinta albashinsa ke bi. Tun da abin ya shigo rayuwarmu haka, ya kamata mu san yadda yake aiki, mu kuma san mutanen da ke kula da shi.

Masu aikin da ba a gani

Mutanen Damagaram sun san darajar ruwa. In ka buɗe famfo ruwa ya zo, ka san daga nesa ya taso, daga rijiyoyin Gogo Macaya, ko Arunguza, ko Ganaram. Can akwai ma'aikata da ke duban injuna dare da rana. Ba ka san fuskarsu ba, amma ranar da inji ya tsaya, duk gari sai ya ji a jikinsa.

Haka yake ga kwamfuta. Bayan ƙananan da muke gani a kan tebur, akwai manya da ke kulle a ɗaki mai sanyi. Ana ce wa irin wannan uwar garke, domin ita ce ke riƙe da bayanai, sauran kuma daga gare ta suke karɓa. Bankuna na da su. Kamfanonin waya, irin su Niger Telecoms da Airtel da Moov Africa da Zamani Telecom, na da su. Matatar man fetur ta SORAZ, da aka buɗe arewa da Damagaram a 2011, ita ma da na'urori ake lura da aikinta. Kowace uwar garke tana bukatar mai kula da ita. Sana'a ce, kamar ƙira ko saƙa, kuma ana koyonta.

Abin da ke cikin kwamfuta

Kwamfuta ba aljani ba ce, ba ta da hankali irin na mutum. Abu biyu kaɗai ta sani: wuta ta wuce, ko wuta ba ta wuce ba. Ana rubuta su da lamba 1 da lamba 0. In an jera takwas daga cikinsu, sun isa a ajiye harafi ɗaya. Alal misali, babban harafin A a wajenta shi ne 01000001. Harufanmu masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, kowannensu yana cin wuri biyu, amma suna da nasu lambobi, kuma kwamfuta na iya rubuta su sarai.

Ku ɗauki kwamfuta kamar gida. A cikin gidan akwai ɗakuna, a cikin ɗakunan akwai takardu. Ɗaki shi ne abin da masu Faransanci ke kira dosiye. Wani ɗakin yana da ƙuryarsa, ƙuryar ma tana da tata. Kowane ɗaki da sunansa, kowace takarda da sunanta. Wanda ya gane wannan ya gane rabin darasin yau.

Hanya biyu ta yi mata magana

Hanya ta farko duk mun san ta. Ka ga ɗan hoto a fuskar waya, ka taɓa da yatsa, abu ya buɗe. Wannan kamar mutum ne da ya je kasuwar da bai jin harshenta, yana nuna kaya da hannu. Zai samu biyan bukata, amma sai abin da aka shimfiɗa a gabansa.

Hanya ta biyu ita ce rubutu. Ana buɗe wani wuri da za mu kira baƙin allo. Babu hoto a kansa. Wani ɗan layi ne kurum ke ƙyaftawa, yana jiran ka. Sai ka rubuta umurni, ka danna babban maɓallin shigarwa, kwamfuta ta aikata, ta ba ka amsa a rubuce. Tsakaninka da ita akwai tafinta, watau wata manhaja da ke karɓar maganarka ta juya ta zuwa abin da na'ura ke ganewa. Tafintan da aka fi sani sunansa Bash, ya fito a 1989.

Wannan hanya ita ce tsohuwa. A 1969, a ƙasar Amurka, wasu masana biyu, Ken Thompson da Dennis Ritchie, suka soma gina wani tsarin tafiyar da kwamfuta mai suna Unix. A lokacin da keken rubutu ake yi wa kwamfuta magana, shi kuwa keken bai wuce harafi 10 a daƙiƙa ɗaya. Shi ya sa suka gajarta kalmomin umurni, suka mai da su harafi biyu ko uku. Dattawa za su tuna tangarahu a gidan waya, inda ake biyan kuɗin kowace kalma, mutum ya taƙaita magana. To, haka suka yi.

A 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta wani tsari mai kama da Unix. Aka sa masa suna Linux. Ya bar shi kyauta, kowa ya ɗauka, kowa ya gyara. Yau yawancin uwayen garke na intanet da shi suke aiki. Wayar Android da ke aljihunka ma a kansa aka gina ta.

Don me har yanzu ƙwararru suka fi son baƙin allo? Dalili na farko, rubutu ba shi da nauyi. Shafi ɗaya na rubutu bai wuce harafi 2,000 ba, amma hoto ɗaya na waya yakan ci wurin harafi miliyan 2 ko fiye. Saboda haka ko layin intanet ya yi rauni, ma'aikaci na zaune a Damagaram zai iya shiga uwar garke da ke Yamai, wajen kilomita 900, ya gyara ta da ƴan kalmomi. Dalili na biyu, abin da aka rubuta ana iya ajiye shi, a sake amfani da shi gobe, a kuma koya wa wani.

Umurni bakwai na farko

Masu riƙe da wannan takarda su duba. Masu sauraro kuma su ɗauki alli ko alƙalami. Kalmomin daga Ingilishi aka gutsuro su, amma ba sai ka ji Ingilishi za ka riƙe su ba.

pwd: nuna mini ɗakin da nake ciki yanzu.
ls: jera mini abin da ke cikin ɗakin nan.
mkdir gero: gina sabon ɗaki mai suna gero.
cd gero: shigar da ni ɗakin gero.
cat lissafi: karanto mini takarda mai suna lissafi.
cp lissafi ajiya: kwafi takardar lissafi, ka sa a ɗakin ajiya.
rm lissafi: shafe takardar lissafi.

Ku lura da tsarin. Kalma ta farko ita ce aikin da za a yi. Abin da ya biyo baya shi ne wanda za a yi wa aikin. Haka muke yi a Hausa: kawo ruwa, rufe ƙofa, auna gero.

Kwamfuta ba ta yi wa kowa kara

A aji muna yawan gaya muku cewa baki daban, baƙi daban. Kasa daban, ƙasa daban. Ƙugiya ɗaya ta juya magana. In ka rubuta wa ƙaninka wasiƙa ka mance ƙugiya, zai gane nufinka, domin shi mutum ne. Kwamfuta ba ta haka. Abin da ka rubuta shi za ta yi.

A Linux, Gero da babban harafi suna ɗaya ne, gero da ƙaramin harafi wani suna ne daban. Tazarar da ke tsakanin kalmomi ma tana da ma'ana. In kana da takarda mai suna lissafin gero, ka rubuta rm lissafin gero, kwamfuta za ta ɗauka takardu biyu kake nufi, ɗaya lissafin, ɗaya gero. In akwai wata takarda mai suna gero, ita za ta shafe. Shi ya sa masu aikin kan haɗa suna da ɗan layi a ƙasa, kamar haka: lissafin_gero.

Ku yi hattara da rm ƙwarai. Yawanci ba ya tambaya, kuma abin da ya shafe ba ya faɗawa kwandon shara balle a ɗauko shi. A 1998, a wani kamfanin fim na Amurka mai suna Pixar, ana cikin haɗa fim ɗin Toy Story 2, sai aka ba uwar garke umurnin shafewa a wurin da bai dace ba. Kafin a cire mata wuta, kashi 90 cikin 100 na aikin ya tafi. Suka nufi ma'ajiyarsu, suka tarar ta daɗe da lalacewa ba wanda ya lura. Abin da ya cece su, wata ma'aikaciya ce da ta haihu tana aiki daga gida, akwai kwafi a kwamfutarta. Waɗannan fa ƙwararru ne. Darasin da ke ciki biyu ne: ka karanta abin da ka rubuta kafin ka danna, kuma ka riƙa duba ma'ajiyarka ka tabbata tana aiki.

Takardar sallahu

Ran Alhamis, in maƙwabci zai je kasuwar Dole, akan ba shi sallahu. A sayo gishiri, a sayo kanwa, a biya wajen tela a karɓo riga. In sallahun ya yi yawa sai a rubuta a takarda, ya bi ɗaya bayan ɗaya. Kwamfuta ma ana rubuta mata irin wannan takarda. Ana jera umurni, kowane a layinsa, a ajiye da suna. Duk lokacin da aka kira sunan, sai ta bi jerin daga sama har ƙasa. Ga misali, na wata ƙungiyar manoma da ke ajiye lissafin hatsinta a kwamfuta:

#!/bin/bash
date
mkdir -p ajiya
cp lissafin_gero ajiya
echo "An gama"

Layi na farko yana faɗin tafintan da zai karanta, watau Bash. Na biyu yana nuna rana da lokaci. Na uku yana gina ɗakin ajiya in babu shi. Na huɗu yana kwafar lissafin zuwa can. Na biyar yana rubuta "An gama" a kan allo. Layi biyar ke nan, kuma ba wanda ya fi ƙarfin mai karatun watanni kaɗan.

Akwai wata manhaja mai suna cron, aikinta kamar na ladan ne, tana tsare lokaci. In ka ce mata kullum da ƙarfe 6 na yamma ta kira wannan takarda, za ta yi, ko kana gona ko kana barci, muddin kwamfutar na kunne. Amma ku gane, kwafin da ke cikin kwamfuta ɗaya da na asali bai isa ba. Manomi mai hankali ba ya zuba duk irinsa a rumbu ɗaya, don gudun gobara. A ajiye wani kwafi a wata na'ura, a wani gida daban.

Wanda ya ƙware a nan yakan wuce zuwa harsunan da suka fi faɗi, kamar Python, wanda wani mutumin Holan, Guido van Rossum, ya fitar a 1991. Amma tushen ɗaya ne: faɗi abin da kake so, daki-daki, ba kuskure.

Aikin mai kula da na'urori

Me wannan ma'aikaci ke yi daga safe zuwa yamma? Da farko yakan duba ko ma'ajiya ta kusa cika. Umurnin df -h ne ke nuna masa haka. In ta cika, aiki ya tsaya, mutane na layi a bakin taga ana ce musu na'ura ta ƙi.

Sa'an nan ya karanta littafin da na'ura ke rubutawa da kanta. Duk abin da ya faru tana rubuta shi da lokacinsa: wane ya shiga, me ya lalace, ƙarfe nawa. Mai karatu a hankali yakan gane ciwo tun bai kwantar da ita ba.

Shi ne kuma ke raba mabuɗai. Wane zai karanta wannan takarda, wane zai iya gyara ta, wane bai da izinin ganinta. A fadar Damagaram, tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, kowane mai sarauta da iyakar inda maganarsa ta tsaya. Haka ake tsara kwamfuta.

Yana kuma faman tsare ta daga abubuwan da ƙasarmu ta sani. Zafin bazara yakan wuce digiri 40, na'ura kuwa ba ta son zafi. Ƙurar hunturu na toshe mata hanyar iska. Ɗaukewar wuta farat ɗaya na iya lalata takardar da ake cikin rubutawa, shi ya sa ake haɗa ta da batir mai riƙe wuta. Mun ga yadda wuta ta yi wuya daga watan Agusta na 2023, lokacin da aka yanke layin da ke zuwa daga Nijeriya, har zuwa watan Maris na 2024. A ran 14 ga wannan wata na Maris kuma, wayoyin intanet da ke kwance ƙarƙashin teku suka tsinke kusa da gaɓar Kodibuwa, ƙasashe da yawa na Afirka ta Yamma suka wuni cikin matsala. A irin waɗannan ranaku, wanda ya tanadi kwafi da batir tun da wuri shi ne aikinsa bai tsaya ba.

Sama da duka akwai amana. Mai kula da na'urori yana iya ganin albashin mutane, da bashinsu, da sakamakon gwajin likita. In ba mai riƙon asiri ba ne, ilminsa cuta zai zama ga jama'a.

Ina za a koya?

Ba za mu ruɗe ku ba. Wanda ya ji wannan darasi yau ba zai samu aiki a banki gobe ba. Sana'ar na son shekaru. Tana son lissafi, tana son Faransanci, tana son ɗan Ingilishi, domin amsar da na'ura ke bayarwa yawanci da waɗannan harsuna take zuwa. Amma da rarrafe yaro kan tashi, kuma matakin farko shi ne wanda kuke kai yanzu: gane harafi, bambance babba da ƙarami, barin tazara inda ya dace.

Kayan koyo ba su da tsada kamar da. Mai wayar Android na iya sa wata manhaja ta kyauta mai suna Termux, ya samu baƙin allo a tafin hannunsa, ya gwada umurnin nan bakwai. Tsohuwar kwamfuta da aka jingine a ofis ana iya sa mata Linux ta farfaɗo. Wani nau'insa mai sauƙi sunansa Ubuntu, wani mutumin Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya soma fitar da shi a 2004. Ku lura kuma da jerin maɓallai: namu na nan Nijar irin na Faransa ne, layin sama ya soma da A da Z, na Nijeriya kuwa ya soma da Q da W. Kada wannan ya rikita ku.

Damagaram na da jami'a tun 2010, wadda yanzu ke ɗauke da sunan André Salifou. A unguwanninmu akwai samari da ƴan mata da ke karatu can. Ku roƙe su su zo aji rana ɗaya su nuna muku. Ilmin da aka raba ba ya raguwa.

Iyaye, wannan magana taku ce. In yaro ya zauna gaban baƙin allo yana rubutu, kada a ce wasa yake. A tambaye shi abin da yake yi, a sa shi ya bayyana da Hausa. Kada kuma a hana ƴa mace. Aikin nan ba ya son ƙarfin damtse, natsuwa yake so. In ƴaƴanmu ba su koya ba, duk ranar da na'ura ta tsaya a Tanut ko Gure sai an jira wani ya taso daga Yamai, ko daga wata ƙasa, a biya shi kuɗi mai yawa.

A watan Maris na 2025 an ɗauki Hausa harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Wannan nauyi ne a kanmu. Harshen ƙasa na bukatar mutanen da za su rubuta shi daidai a kwamfuta, da ƙugiyoyinsa, su kuma samo wa sababbin abubuwa suna.

Ko wanda ba zai taɓa wannan sana'a ba, ya riƙe abu biyu. Lambar asirinka ta waya ko ta banki taka ce kai kaɗai, ma'aikaci na gaskiya ba ya tambayar ta. In kuma ƙungiyarku ta manoma ko ta mata na ajiye lissafi a kwamfuta ko a waya, kuna da haƙƙin ku tambayi magatakarda: ina kwafi, kuma yaushe aka duba shi?

Aikin wannan mako

Ga abin da za ku yi a aji tare da malaminku.

1. Kowa ya rubuta umurnin nan bakwai a allonsa, ya faɗi ma'anar kowane.
2. Ku zana gida a ƙasa, da ɗaki uku. Ku sa wa kowane ɗaki suna. Mutum ɗaya ya zama kwamfuta, wani ya ba shi umurni a rubuce. In an yi kuskuren harafi, mai zama kwamfuta ya ƙi motsi.
3. Kowa ya rubuta takardar sallahu mai layi biyar, ya ba na kusa da shi ya karanta. In ya gane ba tare da tambaya ba, an ci.
4. Ku tattauna: waɗanne takardu ne a garinku in sun ɓata za a shiga wahala? Ina aka ajiye kwafinsu?

Malamai su tattara amsoshi da tambayoyinku su aiko mana, za mu karanta wasu a shiri mai zuwa. Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.